Ranar da Muka Sa wa Lori Kwalli

Shekarar da yayana ya sami aikin tuƙi, wani Alhaji mai sayen auduga ya damƙa masa lori, da sharaɗin inda motar ta kwana nan direba zai kwana. Ni kuwa na dawo hutu daga makaranta, ba ni da aiki sai zama a gindin lemun gidanmu ina kallon yadda inuwa ke hawa bango.

Motar koriya ce, mai bayan katako, tana tafe tana nishi kamar saniya mai ciki. Akwai ɗan fili a ƙofar zaurenmu, amma mota ba ta shigarsa sai da baya. Ranar farko, gab da magariba, Kaka tana zaune a bakin zaure tana jan carbi, sai ga bayan mota yana matsowa. Yaya ya taka birki. Fitilu biyu suka buɗe, jajaye wur, daidai fuskarta. Ya saki, suka lumshe. Ya sake takawa, suka sake buɗewa.

Kaka ba ta yi ihu ba. Ta naɗe tabarmarta ta shige ciki, ta ce a kira shi.

"Maigidana," haka take ce masa, irin wasan kaka da jika, "abin nan da ka kawo, me na yi mata take zare mini jan ido?"

"Haba uwargida, fitilar birki ce. Don na baya ya san zan tsaya."

"Ni ce na baya? Ina zaune a ƙofar gidana? Na ga raƙumi, na ga jirgin ƙasa, ban taɓa ganin abin kirki mai ido a ƙugu ba. Ba za ta kwana mini a ƙofa ba."

Yaya ya yi ta dariya, har ya lura shi kaɗai yake yi. In lori ta koma tasha a Tudun Wada, shi ma can zai kama ɗaki, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa komawa bayan ganuwa da zama. Baba ya ce maganar mahaifiyarsa da jikanta ba ya shiga. Kaka ta ce ta yi haƙuri zuwa Juma'a. Ni dai na riƙa duban shimfiɗar Yaya a zaure, ina ganin wurin kamar an riga an share shi.

Daga bakina maganar kwalli ta fito. Muna cin tuwo, hankalina yana wani wuri, na ce ai mu in idonmu ya yi ja kwalli Kaka take sa mana. 

"Yauwa ƙawata," in ji Kaka. "Ke kaɗai ce boko bai cinye wa hankali ba."

Ta ba da tandun kwallinta aka gwada, amma gilashi bai riƙe ba, kafin Yaya ya kai Ƙofar Doka iska ta share. Sai ya sayo baƙin fenti a Sabon Gari. Ya ce ya ga masu gyaran mota ba shafawa suke yi ba, fesawa suke, don haka ya tsinka fentin da kananzir, ya ɗura a famfon da muke fesa maganin sauro.

Ran Alhamis da hantsi aka yi aikin. Ya sa ni na hau gaba na taka birki da ƙafa biyu don ya ga yadda launin ke sauyawa, amma na kasa haƙuri, na danne shi da taɓarya na sauko kallo. Feshin farko ya sauka a kan jan kamar hayaƙi, fitilar ta koma launin zoɓo. Ban taɓa ganin ja mai kyau haka ba, sai ko na rana in ta kusa ɓuya a bayan dutsen Kufena. Na ce ya isa.

"Har yanzu tana hararata," Kaka ta ce daga zaure. "Ƙara."

Ya ƙara, ta zama kamar dabino.

"Ƙara."

Ya yi ta buga famfo har hannunsa ya gaji. Farar kazar Kaka da ta zo tsince-tsince ƙarƙashin mota ta fito da ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, 'ya'yanta suka ƙi binta.

Abin da ba mu sani ba, maƙwabcinmu, wani malamin elementare mai keke marar fitila, ya saba jiran lori a Ƙofar Doka in duhu ya fara, ya biyo jajayen idanun har gida. Ran nan ya biyo ƙarar injin kawai. Yaya ya tsaya a ƙofar gida don ya juya, Malam bai tsaya ba. Muka ji kwaram. Da muka fito yana zaune a ƙasa, hularsa a kan katakon mota, goshinsa ya fara tashi.

"Salamu alaikum," ya ce wa Kaka daga inda yake. "Ina wuni, Iya? Ashe an iso."

Bayan an kai shi gida, Kaka ta zaga bayan lori da fitilar ƙwai. Ta ce wa Yaya ya taka birki. Ya taka. Ba abin da ya fito. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"Kun makantar da baiwar Allah."

"Ke fa kika ce a ƙara!"

"Kwalli na ce. Ka taɓa ganin an zuba kwalli a tsakiyar ido? A gefe ake ja."

Da safe ta sa aka kawo mata tsumma da kananzir. Ita da kanta ta goge tsakiyar fitilun a hankali, yadda take wanke wa jariri fuska, ta bar baƙin zobe a gefe. Yaya ya taka birki. Idanun suka buɗe, ja a ciki, baƙi a kewaye, kamar na wadda ta sha kuka ta tashi ta yi kwalliya.

Kaka ta leƙa sosai. "Ashe ba harara ba ce, gajiya ce. Kullum Funtuwa da kaya, yaya ido ba zai yi ja ba? Bar ta ta kwana."

Yaya bai koma Tudun Wada ba. Amma kowace magariba, in ya kashe mota, Kaka takan fito da faifai biyu ta rataya su a kan fitilun, don kada ta kwana ido buɗe. Da asuba kuma Malam, da sauran tabo a goshi, shi yake fara zuwa ya cire su.