Goro a madadin tuwo

Shekarar da aka canja launin naira, mutane suka riƙa wuni a layin banki, a shekarar ne likita ya ce in rage ƙiba. Gwiwoyina sun gaji da ɗaukata. Idan na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Ya ɗora ni a ma'auni, ya dubi tumbina, ya ce tuwon dare zan fara bari.

Awon hatsi nake yi a kasuwar Kontagora. Bayan la'asar kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. A lokacin na kai inda nake haɗa baƙaƙe in fitar da kalma, kuma akwai jarrabawa a ƙarshen damina wadda ke kai mutum aji na gaba. Ina son in haye, don na gaji da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo.

Da rana yunwa ba ta dame ni ba, kasuwa tana ɗauke hankali. Bayan isha'i take zuwa, lokacin da ƙamshin miyar kuka ya cika gida ni kuma ina zaune da lemo ɗaya a hannu. Na kai kukana wurin maƙwabcina a kasuwa, wani mai doya ɗan Mashegu.

"Goro, Alhaji," in ji shi. "Direbobin manyan motoci da shi suke kashe yunwa."

Ban tsaya na tambayi me kuma direbobi suke kashewa da shi ba. Ni da goro sai wurin suna ko ɗaurin aure. Na fara cin ɗaya kafin in kwanta. Yunwa ta lafa, barci kuma ya ƙi zuwa. Sai na ɗauka sauran yunwar ce ke hana ni, na ƙara na biyu.

Haka zan kwanta ido biyu, ina jin ruwa a kan kwano, ina jin zuciyata tana bugawa a kunne. Matata ta yi haƙuri har ta gaji.

"Malam, kana ta juyi kamar waina a tanda. Ko ka tashi ka yi nafila, ko ka bar ni in runtsa."

Barcin da ya guje ni a gida, a aji yake samuna. Benci, iska ta taga, muryar malama, shi ke nan kaina ya faɗi ƙirji.

"Baba, ina muka tsaya?" Haka malamar take tashina, a hankali, don sa'ar 'yata ce.

Wani mai gyaran babur da ke zama bayana ya ce, "Ƙyale shi, Malama. Ya wuce mu, ido rufe yake karatu."

A makonnin nan aka koyar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ina wurin, amma ban gan su ba. Ranar jarrabawa malama ta ce mu rubuta ƙasa, na rubuta kasa. Ta ce baƙi, na rubuta baki. Layukan takardar suna ta hawa juna.

Da na koma asibiti, ma'aikaciyar da ke auna jini ta ga haƙorana sun yi ja.

"Baba, goro kake ci? Da wane lokaci?"

Na faɗa mata. Ta ajiye abin awon, ta ce goron ne ke hana ni barci, in bari daga yau, in riƙa cin ɗan wake ko shan kunu kafin magariba.

Barci ya dawo a hankali. Sakamako ya riga ya fito, sunana ba ya ciki. 'Yan ajinmu suka wuce, na zauna da sababbin shiga, muka sake farawa daga harafin a.

Na rasa kilo shida, da barcin damina guda, da shekara ɗaya ta karatu.