Reshen da Ton Gonzague Ya Ƙi Sarewa

Shekara arba'in da ɗoriya Ton Gonzague Sinon ya yi yana hawa bishiyoyin mutane a tsibirin La Digue. In kwakwa ta yi nauyi a bakin hanya, ko reshe ya fara gogar kwanon rufi, shi ake aika wa. Yakan zo a kan tsohon kekensa, igiya a kafaɗa, adda a ɗaure a baya, ƙafa ba takalmi.

Kowa ya san halinsa. Ba ya taɓa bishiya sai ya zagaye ta yana kallon sama, yana neman sheƙar vev. Tsuntsun nan namu ne, namijin baƙi wuluk da doguwar jela, macen ja ce mai farin ƙirji, kuma a bakinmu sunan yana nufin matar da mijinta ya rasu. A lokacin masu kula da daji sun ce waɗanda suka rage a duniya ba su fi ɗari biyu da 'yan kai ba, duk a tsibirin nan. Tun da Ton ya ji haka hankalinsa bai ƙara kwanciya ba. Duk gidan da aka share fili za a yi ɗakunan baƙi, sai ka gan shi tsaye a bakin shinge yana cizon leɓe.

Ni maƙwabciyar Matant Florise ce, matar marigayi yayan Ton. A bayan kicin ɗinta akwai wata tsohuwar bishiyar badamye, kuma a farkon daminar shekarar nan babban reshenta ya tsage daga gindi, ya sunkuyo kan rufi. Ta aika aka kira Ton. Ina shanya kaya lokacin da ya iso. Ya yi zagayensa, ya tsaya cak, sannan ya sauke igiyar ƙasa.

Matant ta ce, “Hau mana, me kake jira? Ko tsufa ne ya zo?”

Ya nuna mata can ƙarshen reshen. Wata 'yar sheƙa ce kamar kofin shayi, an ɗaure ta da saƙar gizo a wani siririn tsinke, macen tana kwance a ciki.

Ya ce, “Ƙwai ɗaya take yi, Florise, ɗaya tak. Ki ba ni wata guda. In ɗan ya tashi, ranar zan sare miki shi.”

“Wata guda? A cikin wannan iskar? To ni ma mijina ya rasu, ka sani ko? Ta sama kake tausayi, ta ƙasa ko oho.”

“Ke ai kina da baki, kowa ya san da zamanki. Ki dawo gidana ki zauna, ɗakin yara ba kowa.”

“In ci wannan kifin naka da kake ƙonawa? Gara reshen ya faɗo mini.”

Ta ce za ta kira samarin nan masu injin yanka itace. Ton ya ɗauki igiyarsa. Ya hau bishiyar da ke gefe, ya ɗaure reshen da igiya uku, ya kafa masa gungumen kwakwa biyu a ƙasa. Matant ba ta kira kowa ba, amma ta daina gaishe shi.

Watan nan ba wanda ya huta a cikinmu. Kullum da safe Ton zai zo ya taɓa igiyoyin, ya sa yatsa a tsagar ya ga ko ta ƙaru. Ta ƙaru. Da farko yatsa ɗaya ke shiga, bayan kwana goma uku suna shiga. Ya lulluɓe gindin bishiyar da guntun kwano saboda ɓeraye, ya roƙe ni in riƙa kulle kyanwata. Ya rame, idanunsa suka faɗa. In iska ta kaɗa reshen yakan yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai Matant ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a tsakar gida, ni ma in fito, mu yi ta kallon sama.

Wata rana na ce masa, “Ton, in abin nan ya faɗo a kanta fa?”

Ya ƙara ɗaure igiya ɗaya. Sannan ya ce, “Kina tsammani ban yi wannan tunanin ba? Ko abinci na ɗauka shi nake gani.”

“To ka sare mana.”

“An kusa, ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ki duba, ga uban can yana kawo ƙwari.”

Bayan kwana ashirin da shida da fara jiran, da hantsi, sama ta yi baƙi daga wajen teku. Matant tana kicin tana dafa ayaba da madarar kwakwa. Ton ya shigo a guje, bai ko jingine keken ba, ya kama hannunta ya jawo ta waje tana zaginsa. Ya kai ta barandata ya koma cikin ruwan. Muna kallo igiya ɗaya ta tsinke, sai ta biyu. Gungume ɗaya ya zame, gindin reshen ya sauko kan kicin, kwano ya lotse, tukunya ta yi waje. Igiya ta uku ta riƙe, ƙarshen reshen ya tsaya yana lilo bai kai ƙasa ba.

Matant ta zauna a kan kujerata. Ton ya dawo sharkaf, ya tsaya a gabanta ya kasa ɗaga kai.

Ta ce, “Da ina ciki fa, Gonzague?”

Ya ce, “Na sani. Laifina ne.”

Ta share fuskarta da gefen riga. Can ta ce, “To je ka duba mana, ko duk wahalar nan ta banza muka sha.”

Ɗan yana nan, a jiƙe, ya ƙanƙame bakin sheƙar. Bayan kwana biyar ya tashi, kuma da yammar ranar Ton ya sare reshen. Shi da hannunsa ya sake gina kicin ɗin, mako uku yana yi, Matant tana zaune tana gaya masa inda ya karkace.

Ɗan tsuntsun ya yi kusan wata biyu yana bin iyayensa a unguwarmu, sannan suka kore shi ya nemi nasa wurin, kamar yadda suke yi. Ton ya bi bayan coci, ya bi gefen fadama, ya tambayi masu kula da daji. Suka ce masa duk inda ke da manyan bishiyoyi akwai wasu vev da suka riga suka kama, sauran wuraren kuma an share. Ba a sa wa ɗan zobe a ƙafa ba, don haka ba mai iya cewa ga shi.

Yanzu Ton ya haura saba'in, gwiwa ta hana shi hawa. Jiya na same shi a bakin wani fili da aka kafa wa turaku za a share, yana ta yi wa mai gadin wurin bayani a kan vev da bishiyoyin da ke ciki. Mai gadin ya ce shi ba ruwansa, mai wurin yana can babban tsibirin Mahé, sai ranar Litinin zai zo.