Fitilun zaure da guɗar Iya Abu

Ko me zan manta a shekarun da na yi ina aikin dandamali, ba zan manta da ranar da na sa aka kunna fitilun zaure ana tsakiyar wasa ba. Ku da kuke aikin yanzu kun san wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Da hankalina na yi shi, kuma takardar tuhumar da aka ba ni a kansa tana nan cikin akwatina a Gaya.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su san aikin ba. Zauren da na yi aiki a birnin Kano na wani ɗan kasuwa ne. Ana ba da hayarsa don biki da taro, Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a gayyato masu raye-rayen gargajiya, mutane su sayi tikiti su zo kallo bayan la'asar. Manaja ne babba. Daga shi sai ni, mai kula da dandamali, wato ni ke riƙe da takardar jeri: wa zai shiga, minti nawa zai yi, ta wace ƙofa zai fita. Sai mai fitila da mai sauti, suna can sama a wani ɗan ɗaki, ina ba su umarni ta wayar oba-oba. Zauren ba shi da taga ko ɗaya. Da an fara wasa za a kashe fitilun da ke kan 'yan kallo, a bar na dandamali kawai, ba a sake kunna su sai an gama ko wuta ta kama. In ka kunna, mutane za su zaci an tashi su fara miƙewa, masu ɗaukar bidiyo kuma su cinye ka ɗanye. Manaja kaɗai ke da ikon ba da wannan umarni.

A shekarata ta goma sha ɗaya a wurin, bayan an gama cirar gyaɗa, manaja ya ce yana son rawar noma ta gaske. Ya gaji da samarin birni masu riƙe garma kamar sun riƙe laima. Da yake ni mutumin Balan ne, wani ƙauye a ƙasar Gaya, sai ya ce in je gida in nemo masa. Na je Ajingi, maƙwabtanmu, ranar kasuwa, duk wanda na tambaya suna ɗaya yake ba ni: Baba Sale. Na same shi a rumfar masu gyaɗa, dogon tsoho ne marar jiki, hannuwansa duk kanta. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce ya gode, amma shekara bakwai ke nan da ya rataye garmar rawa, gwiwa ta ƙi. In ina son samari zai haɗa ni da su.

Har na miƙe sai ya kira ni. Ya tambaya ko wurin namu a cikin Kano yake, na ce e. Ya tambaya ko mata suna shiga, na ce har sun fi maza yawa. Ya tambaya ko akwai matakala a ƙofa, na ce akwai ƙofar gefe da ba ta da ita. Ya murza gyaɗa a tafinsa.

"Daga inda ake rawar, ana ganin mutane?"

"Ras, Baba," na ce. "Kowa da kowa."

Ya ce to, Allah Ya kai mu. Na koma Kano ina hura hanci, ina ba manaja labarin yadda na shawo kan tsohon da ya gagari kowa.

Ashe ba daɗin bakina ba ne. Ranar wasan, da sassafe, na je da bas na ɗauko su: samari shida, Baba Sale, da makaɗinsa Ɗan'azumi, wanda tare suka tsufa. Baba ya zauna gaba, ni da Ɗan'azumi muna baya da ganga tsakaninmu. Mun wuce Gaya kaɗan Ɗan'azumi ya matso kunnena ya ba ni labari. Mai ɗakin Baba, Iya Abu, ɓarin jikinta ya shanye, kusan shekara biyu tana Kano gidan 'yarsu Hadiza saboda kusa da asibiti. Ita ce mai guɗar garinsu. Tun tana budurwa mai kai fura gona ranar gayya, in an kaɗa taken Sale, wato kiɗan da shi kaɗai ake yi wa, ba ya sauke garma daga kafaɗa sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Haka suka yi ta yi har suka yi jikoki. Zuwan da Baba ya yi duba ta na ƙarshe ta ce masa ba abin da take kewa kamar gangar noma. Yanzu kuwa muryar ta tafi, ko magana sai ka kasa kunne.

"Ba zai ji ta ba," in ji Ɗan'azumi. "Hannun zai duba. In ya ga ya kai hanci, shi ke nan. Kada ka nuna masa na gaya maka, ka san mutanenmu."

Na san mutanenmu. Tsoho irin Baba Sale ya gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki ya ce saboda matarsa zai yi abu. Na ji tausayi ya kama ni, na kuma ɗaura niyyar yin abin kirki. Muna isa na cire kujera biyu a layi na huɗu kusa da ƙofar gefe, don keken marar lafiya ya samu wuri. Na buga wa Hadiza waya na gaya mata ta inda za su shigo. Da muka yi gwaji da hantsi, Baba ya hau dandamali, na nuna masa gurbin da hannu kamar ba da wata manufa ba, na ce nan baƙin Ajingi za su zauna. Ya dubi wurin sau ɗaya ya kau da kai. Na sauko ina jin kaina gwani.

To ga inda na yi wauta. Gwaji da rana ake yi, ƙofofi a buɗe, fitilu duka a kunne saboda masu shara. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a gefen dandamali, ban taɓa tsayawa a tsakiyarsa ana wasa ba. Ni dai na san 'yan kallo suna ganin mai rawa. Ban taɓa tambayar kaina abin da shi mai rawar yake gani ba.

Su ne na uku a jeri, minti takwas aka ba su. Ɗan'azumi ya saki ganga, samarin suka shiga a layi suna huɗar iska da garemani, zaure ya ɗauki tafi. Sai kiɗa ya sauya, aka kaɗa taken Baba Sale. Ya fito a hankali da garma a kafaɗa, ya je tsakiya ya tsaya, ya juya wajen ƙofar gefe. Sai na ga ya ɗora hannu a goshi yana kare ido.

Ɗan'azumi ya maimaita taken. Baba bai motsa ba. Makaɗin ya sake maimaitawa, samarin suka fara kallon juna. Can baya wani ya yi fito, wasu suka yi dariya. Muryar manaja ta shigo oba-oba, ya ce tsohon nan ya rikice, in shiga in janye shi samarin su ƙarasa. Na taka zuwa bakin labule, hasken ya doke ni a ido, na duba inda yake dubawa. Ba komai sai baƙin duhu, kamar ka leƙa rijiya. Ko layin farko ba a gani, balle na huɗu.

Baba ya juyo ya gan ni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi maganar, ganga na tashi amma na ji shi sarai.

"Ɗan Balan, ka ce ana ganin mutane."

Kunya ta rufe ni. Na san in na janye shi, tsohon nan zai koma Ajingi a matsayin wanda ya rikice a gaban mutanen birni, matarsa tana zaune tana kallo, kuma babu wata Asabar da za ta sake haɗa su da ganga a wuri ɗaya. Na danna oba-oba na kira Iliya mai fitila, na ce ya kunna na zaure. Ya tambaya ko manaja ya sani. Na ce a'a, ya kunna, laifin a wuyana.

Haske ya cika zauren. Kamar yadda aka saba, wasu suka fara miƙewa, mai bidiyo ya ɗago yana zare mini ido. Baba Sale bai kula kowa ba. Idonsa na kan layi na huɗu, inda wata 'yar tsohuwa ke zaune a keke da mayafi ruwan ƙasa, Hadiza na durƙushe kusa da ita. Waɗanda suka miƙe suka bi idonsa, suka koma suka zauna. Iya Abu ta fara ɗaga hannun hagu. Ya daɗe kafin ya isa, har Hadiza ta kai hannu za ta taimaka ta ture ta da gwiwar hannu. Ta kama hanci, ta buɗe baki.

Ni ban ji komai ba. Amma wata mata da ke bayanta ta ji, sai ta kama nata hancin ta ɗauka, ta kusa da ita ma ta karɓa, kafin ka ce me guɗa ta zagaye zauren. Baba Sale ya sauke garma.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya yi tsalle-tsalle ba, gwiwar da gaske take. Sunkuyawa ya yi ya shiga huɗa, taki ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunsa na amsa ganga, har sai da na ga kamar katakon nan namu zai tashi ya zama gona. Sau ɗaya ya cilla garmar sama, ba ta yi nisa ba, ya cafe. Ɗan'azumi yana kiɗa hawaye na bin gemunsa. Suka zarce lokacinsu da minti biyar, ni da ke da agogo ban ko duba shi ba. Ni ma na yi kuka, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Bayan an tashi mun yi magariba, na tarar da Baba Sale zaune a ƙasa gefen keken, ya ɗan ba da rata, yana kallon wani wuri daban. Hadiza yake tambaya ko uwarta ta sha magani. Iya Abu ta yi wata magana da ban gane ba, Hadiza ta fashe da dariya. Wai cewa ta yi, ashe ciwon gwiwar nan na ƙarya ne, gudun aiki ne kawai. Baba ya ce a gaya mata ita ma guɗar ta yi sanyi, a gyara kafin baɗi.

Ranar Litinin takardar tuhuma ta same ni. Ƙa'ida ita ce ka amsa a rubuce kafin kwana biyu, na kuwa rubuta gaskiya, na ce ni na yi wa tsoho alkawarin abin da ban bincika ba. Manaja ya karanta, ya ce uwargidansa ma tana cikin masu guɗar, ta hana shi sakat a gida. Duk da haka ya ba ni gargaɗi a rubuce, ya ce doka doka ce. Na ce yallaɓai, na karɓa. Bai yi zalunci ba.

Iya Abu ba ta kai damina ba. Na je gaisuwa, na sami Baba Sale a ƙofar gida kan tabarma, garmar na rataye a zaure. Bayan mun yi addu'a mutane sun ragu, ya dube ni ya ce, "Na gan ta fa, ɗan Balan. Da hagu ta yi. Duk zamanmu da dama take yi." Sannan ya sa aka kawo mini ruwa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu ma'aikatan zaure an koya mana kula da mai tikiti: ya ga da kyau, ya ji da kyau, ya fita lafiya. Mai rawa kuwa mun mai da shi suna da minti a takarda. Alhali mutanenmu na karkara ba su saba yi wa duhu rawa ba, a fili suke yi, ido cikin ido, kuma kusan kowannensu akwai wanda yake yi dominsa ko da ba zai faɗa ba. Daga ranar, duk ƙungiyar da ta zo gwaji sai na sa an rufe ƙofofi an kashe fitilun zaure, na hau na tsaya tare da su a tsakiya, mu ga abin da za su gani. Sannan in ja makaɗin gefe, don shi ne ba ya ɓoye magana, in tambaye shi: yau wa aka zo yi wa rawa, kuma a ina zai zauna?