Baba Zarto da Durowar Marigayiya

Shekara talatin da ɗaya Baba Zarto ya yi a ɗakin gawa na makarantar koyon likita, kuma ko allura bai iya ba. Aikinsa yanka. In malami yana son ɗalibai su ga cikin kan mutum, sai ya ce a yi masa hemisekshan. Kalmar ce kawai ke da tsawo, ma'anarta a raba abu gida biyu. Baba zai ja layi daga tsakiyar goshi, ya bi karan hanci har haɓa, ya ɗora zarto. Dama ta koma gefe, hagu gefe, kowacce da ido ɗaya da kunne ɗaya. Ɗalibai na sumewa, shi yana tsotsar alewa.

Ya yi ritaya, amma hannun bai yi ba. Sabulu, burodi, ƙwayar magani, duk sai ya auna tsakiya.

Da matarsa ta rasu, aka raba kayanta lafiya, sai durowarta mai ƙofa biyu. Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ta ce ita Mama ta yi wa alkawari. Ƙaramar, tela, ta ce ita ta shekara goma tana goge ta. Wata huɗu ba sa ga-maciji. In ɗaya ta ga takalmin ɗaya a ƙofar Baba sai ta juya da kwanon abincinta. Baba ya ga 'ya'yan da ya rage da su a duniya suna neman zama baƙin juna a kan katako.

Ya ce su zo ran Asabar, ya gama shari'a.

Kwana uku ya yi yana aikin. Abin da ya ba shi wuya allon da ke tsakiya ne, don ba zai bar wa ɗaya ba. Sai da ya tsaga shi ta kaurinsa, ya fito falle biyu kamar takarda. Har madubin jikinta ya kai wa mai gilashi ya raba biyu.

Suka shigo, suka tarar da ɓari biyu kwance a falo, shi kuma yana zaune yana jiran yabo.

"Baba, mene ne wannan?" in ji babbar.

"Dama taki, hagu tata. Ku auna."

Telar ta ɗaga nata ta saki. Ƙafa biyu gare shi, duka a gefe ɗaya. Ya kife, ya tafi da agogon bango.

"Ai ba ya tsayawa!" in ji ta.

"Nawa na wurin aiki ma ba wanda ya taɓa tashi ya tsaya," in ji Baba.

"Yaya, tsohon nan ya fara ruɗewa."

"Tun yaushe nake gaya miki? Riƙe can, kar ya faɗo masa a ƙafa."

Yinin ranar suka yi suna masa faɗa baki ɗaya, wannan ta ajiye waccan ta ɗauka. Baba ya sunkuyar da kai, ya sha shayinsa. Da la'asar suka tafi neman kafinta a mota ɗaya, suna gardamar wace ce a cikinsu ta fi gadon taurin kansa.