Zoɓon Gagarawa

A shekarata ta ƙarshe a makaranta malaminmu ya ba ni aron sifektiromita na kwana uku. 'Yar na'ura ce da ba ta kai bulo ba. Za ka zuba ruwa a wata 'yar kwalba ka saka a cikinta, ta harba haske ta cikin ruwan, sai manhajar da ke kan tabilet ta zana maka yawan hasken da ruwan ya shanye. Aikina shi ne in gwada jan zoɓon garuruwa huɗu. Ni da ko tambaya ba na iya yi a aji, sai ga ni a adaidaita sahu rungume da jaka ina ta murmushi ni kaɗai.

Na Gumel da na Maigatari da na Sule Tankarkar duk sun tafi daidai. Awo ɗaya, ruwa ɗaya, jiƙo ɗaya. Da na taɓa maɓalli sai layi ya taso ya yi tudu ya sauka. Ranar farko sau bakwai na maimaita, ba don kuskure ba, don daɗin kallo kawai.

Saura Gagarawa, kuma kafin la'asar zan mayar da na'urar Gumel. In na rasa wannan, aikin wata shida ya zama mai ƙafa uku. Na tafi gidan kakata da ke can, don ita ma tana noma zoɓo.

"Maigida, yau da rediyo ka zo mini maimakon cefane?" in ji ta.

Na jiƙa nata a kofi kamar sauran, na haɗa na'urar da tabilet, na fara da farin ruwa yadda ƙa'ida ta ce, sannan na saka zoɓon. Layi ya tashi ya bugi rufin allo ya kwanta a can yana karkarwa. Babu tudu. Na goge kwalba, na sake. Haka dai. Na ɗaga kwalbar sama na ga ko rana ba ta ratsa ta. Dariya ta ƙwace mini. Kauri ne ya yi yawa, ruwa kawai yake so.

Ina miƙa hannu ga buta, ta fizge kofin.

"Kai! Zoɓona za ka tsinka? A gidana? Shekara nawa ina sayarwa, wa ya taɓa cewa na yi algus?"

"Iya, kaɗan ne, don a auna."

"Je ka auna na Maigatari."

Ta zauna da kofi a cinya, ta tura butar bayanta. Azahar ta wuce, motar Gumel kuwa ba ta jiran kowa. Na yi mata bayanin haske da tsayin zango, ta yi hamma. Can sai na juya mata allon.

"Duba, Iya. Waɗannan ukun injin ya ga cikinsu tsaf. Naki ya kasa. Idonsa ne ya gaza."

Ta matso da fuskarta. "Ya kasa?"

"Ya kasa."

"To, ka manta sunan garin ne?"

Ta yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Da kanta ta riƙe butar. Ina auna ruwa da sirinji tana ƙirgawa da ƙarfi don a ji ta katanga. A awo na biyar layi ya sauko, ya yi tudu mai kyau, kyakkyawa ƙwarai. Na yi tsalle da ihu har hulata ta faɗi, ni da ba a taɓa jin muryata a tsakar gida ba.

Manhaja ta nemi sunan da za a adana sakamakon da shi. Na saba rubuta gari da lamba.

"Rubuta ya gagari inji," in ji ta.

Na rubuta, na ƙara adadin ruwan a gefe. Motar na tashi na iso tasha, leɓena jajir, don ta hana ni fita sai na shanye wanda ba a tsinka ba.