Perihan Mai Auna Magana da Tafin Hannu

Kullum da safe, kafin masu gasa burodi su buɗe shago a unguwar Broadmeadows ta birnin Melbourne, Perihan ta riga ta shiga gidan tsoho na farko. Za ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ɗora shayi, ta yi wa mutum wanka, ta yanke masa farce, ta lallaɓa shi ya sha magani. Aikin da aka ɗauke ta ke nan. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya ɗauke ta, kuma saboda shi ne hankalinmu ya ƙi kwanciya tun da muka ji gwiwoyinta sun gaza, za ta ajiye aiki.

Mu da muka taso daga ƙauyukan Turkiyya muka shiga masana'antun Melbourne, Turancin aiki muka koya, ga shi tsufa yana ƙwace mana shi. 'Ya'yanmu kuwa Turkancin kicin suka iya: ci, sha, zo, rufe ƙofa. In magana ta yi nauyi, sai uba da ɗa su zuba wa talabijin ido.

Turancin Perihan ma na kasuwa ne, don haka take haɗawa da hannu. In tsohuwa ta ce a gaya wa 'yarta tana kewarta, Perihan za ta faɗa da Turanci, sannan ta nuna zurfin maganar. In ta yau da kullum ce, ta dafa tebur. In ta fi haka, ta dafa gwiwa. Na daɗe ina ganin kalmomi kamar rijiyoyi suke, bakinsu iri ɗaya, sai ka zura guga ka san wadda ta yi nisa.

Nezaket, matar Ramiz, ɗaya daga cikin tsofaffin da Perihan ke kula da su, ita ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗakinsu. Shanyewar ɓarin jiki ta kwashe wa Ramiz Turancinsa kaf. Shi da ɗansa Koray kuwa sun yi shekaru ba sa magana, tun da yaron ya auri 'yar ƙasar nan, uban ya ƙi zuwa bikin, ya kuma ƙi buɗe ƙofa ranar da aka kawo masa jika. Da jiki ya tsananta, Perihan ta buga wa Koray waya.

"Yaya Perihan, shi ya ce yana nemana?"

"A'a, bango yake nema. Ka zo, kuma ka cire takalmi, kada ka shigo mana kamar mai gyaran famfo."

Ya zo. Ramiz ya kama wuyan hannunsa, ya faɗi abin da muke faɗa in tafiya ta gabato: ka halatta mini hakkinka. Koray ya waiwayi Perihan. Ta ce masa da Turanci mahaifinsa yana neman gafara. Yaron ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar tsohon, ya faɗi abin da ake faɗa a nan in ka taka mutum a jirgin ƙasa: ba damuwa.

Ramiz ya jira. Bai ji amsar da aka san ana bayarwa ba. A wurinmu, in ba a ce "na halatta" ba, kayan suna nan a wuyan mutum har kabari. Ya juya fuska bango. Koray kuwa ya ɗauki makullin mota, a zatonsa an gama.

Perihan ta lalubi Turancinta, ba ta samu kalmar da ta kai ba. Sai ta durƙusa a kan gwiwoyin da likita ya hana ta lanƙwasawa, ta ɗaga gefen darduma, ta kifa tafin hannunta a tsurar ƙasa.

"Ɗan nan, dubi nan. Ba haƙuri yake ba ka ba. Duk zaluncin da ya yi maka, roƙo yake ka sauke masa, kada a tsare shi a can. In ba ka so, ka ce ba ka so. Amma kada ka ce ba damuwa. Akwai damuwa."

"In na ce ban yafe ba fa?"

"Haka zan faɗa masa."

Koray ya fita. Suka ji an buɗe ƙofar mota. Nezaket ta ce ta kasa kunne tana jiran ƙarar inji, Perihan kuma tana ƙasa, ta kasa tashi. Can sai ga shi, ido jawur.

"Yaya ake faɗa?"

Ta koya masa. Harshensa ya harɗe, har uwar ta ce, "Ji yadda yake taunarsa kamar ɗanyen wake." Ramiz ya juyo ya ce, "Bar shi. Na ji."

Uwa da ɗa ne suka ɗaga Perihan daga ƙasa.

Perihan, ke ce wadda ba ta taɓa rage wa magana nauyi don a rabu lafiya ba. Ke ce gadar da muka yi ta takawa ba mu dubi ƙafafunta ba. Mun gode, Perihan. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya saka miki da abin da ba mu da bakin faɗa. Ku kuma samari da 'yan mata masu harshe biyu, ku je ku zauna da ita tun tana da ƙarfin koyarwa, ku shiga gidajen tsofaffinku ko ba a kira ku ba.

Ranar da aka yi mata shayin ban kwana a zauren masallaci, an ci, an yi dariya. Ana kwashe kofuna, maƙwabcina Necmi, wanda 'yarsa ke can birnin Perth mai nisa ba ta kira sai da salla, ya riƙe nasa ya ƙi bayarwa.

"To ni ranar tawa in ta zo," ya ce, "wa zai gaya wa yarinyar?"