Gorar Ƙofar Ɗakin Iya

Wata Laraba da kaka, tun kafin Nasara su shigo ƙasar Katsina, Baba ya shigo gidanmu na Karare da doguwar gora a kafaɗa. Ya kafa gwafa biyu tsakanin ɗakin Iya da madafa, ya gicciya gorar daidai ƙugu, ya ɗaure tamau. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Ta zamo daga tsanin rumbu ta karye a ƙafa. Ɗori ya kama, amma tsoro ya hana ta takawa, maɗori kuwa ya ce in ta daɗe a zaune ƙafar za ta shanye. Iya ta harari gorar ta ce, "Da furfurata za a koya mani tatata? Ku kai ma awaki."

Tunda mai abu ta ƙi, sai muka gaje shi, ni da ƙannena. Da mun gama surfe da ɗiban ruwa sai mu jeru, kowa ya dafa gorar da hannu ɗaya, mu yi ɗage bisa yatsu, mu durƙusa, mu miƙe, mu wurga ƙafa gaba da baya muna waƙar gaɗa. Ni ce babba, ni ce kuma na fi kowa rashin iyawa. Iya kuwa an ce da ƙuruciyarta har daga garin Babban Duhu ake zuwa kallon rawarta. Tana zaune a tabarma tana kallona tana ta tsaki.

Wata rana da hantsi haƙurinta ya ƙare. "Ke 'yan nan, mi kike haka? Rawa ce ko tsallen kwaɗo? Miƙe bayanki!" Na miƙe, bai yi mata ba. Na sake, ta ce na ƙara ɓatawa. Sai kawai muka ga ta ja jiki, ta cafki gorar, ta tashi tsaye a kan ƙafafunta biyu tana nuna mini yadda ake ajiye diddige. Innata ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa. Sai a lokacin Iya ta dubi ƙafarta, ta fashe da dariya har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar nan ba.

Daga nan kullum da safe ita ce a gaban layi, tana ba da umarni. Matan maƙwabta masu ciwon baya da gwiwa suka riƙa shigowa, har gorar ta yi santsi don dafawa. Kafin ruwan shuka ya sauka, Iya ta taka da ƙafarta har garin Darini wurin bikin suna.

Yau ni ce ke bin bango. Jikokina na kawo mini komai har bakin gado, suna cewa in zauna in huta. Suna sona, na sani. Amma har yanzu ban samu wanda zai ba ni haushin da zai tashe ni tsaye ba.